Gangara Zuwa Ariha, Garin da Ganuwarsa Ta Faɗi

Daga Ƙudus zuwa Ariha tafiyar ba ta kai kilomita 40 ba, amma gangara ce tun daga fita har isa. Ƙudus tana bisa duwatsu, kusan mita 800 sama da bakin teku, Ariha kuwa tana can cikin kwari, wajen mita 250 ƙasa da shi, babu garin da ya kai ta zurfi a duniya. Na shiga bas a kusa da Bab al-Amud, ɗaya daga ƙofofin tsohon birnin Ƙudus, zuwa garin Izariyya, a can na sauya zuwa irin motocin hayar nan ruwan ɗorawa da ba sa tashi sai sun cika. Watan Disamba ne na 2022, na fito a ƙudundune cikin rigar sanyi. Kafin mu ci rabin hanya kunnuwana sun toshe, rigar kuma ta zame mini kaya.

Hanyar ta ratsa ta gefen Ma'ale Adumim, ƙaton matsugunin Yahudawa 'yan kama-wuri-zauna, gidaje jere reras a kan tudu. Ƙasa da shi kaɗan sai bukkokin kwano da tamfol na Larabawa makiyaya da awakinsu. Daga nan babu komai sai tuddai tsirara masu launin toka da ja. A wani wuri an kafa alama cewa nan ne daidai da bakin teku, da raƙumi a gurfane yana jiran mai son hoto. Wannan ita ce hanyar da Linjila ta ce 'yan fashi sun tare wani mutum a kanta suka bar shi rai a hannun Allah, har wani Basamariye ya tsaya ya taimake shi. Wanda ya ga lungunan kwazazzaban nan ba zai tambayi dalilin da ya sa aka zaɓi wannan hanya a misalin ba.

Sai kwatsam kore ya bayyana. Dabino, ayaba, lemo. A bakin gari akwai jan allo da ke gargaɗin 'yan Isra'ila kada su shiga, sannan sansanin 'yan gudun hijira na Aƙabat Jabar, da ƙaton mabuɗi da aka kafa a mashigarsa, alamar gidajen da aka baro a 1948. Abin da ya fi ɗauke mini hankali a gefen titi kuwa shi ne tumfafiya. Ita ce dai, da farin ganyenta da kumburarrun 'ya'yanta. Can ga kurna, ga aduwa. Masana tsirrai sun daɗe da sanin haka: zafin wannan kwari ya ba itatuwan yankinmu na kudu da Sahara damar kutsawa arewa har nan, alhali a Ƙudus da ke sama zaitun ne ke mulki.

Ba yawon buɗe ido kaɗai ya kai ni ba. Duk wanda ya zauna tafsirin azumi a inda ake karanta Jalalaini ya taɓa jin sunan garin nan, ko da bai riƙe ba. Idan mai jan baƙi ya kai aya ta 58 a Suratul Baƙara, inda aka umarci Bani Isra'ila su shiga alƙaryar nan su ci daga inda suka so, su shiga ƙofa a sunkuye suna roƙon a kankare musu zunubi, Jalalaini cewa ya yi: Baitul Maƙdisi ce, ko Ariha. Ibnu Kasir ya rinjayar da Baitul Maƙdisi, ya ce ɗaya maganar tana da nisa, amma ya kawo ta, domin an ruwaito ta daga magabata. A Suratul Ma'ida kuma ga labarin tun daga tushe. Annabi Musa (AS) ya ce su shiga ƙasa mai tsarki, suka ce akwai ƙattai a ciki. Mutum biyu, waɗanda malaman tafsiri suka ce Yusha'u ɗan Nun ne da Kalib, suka ce ku dai ku afka musu ta ƙofa, ku dogara ga Allah. Amsar da jama'a suka bayar kowa ya san ta: tafi kai da Ubangijinka ku yi yaƙi, mu muna nan zaune. Ita ce maganar da Miƙdad ya ce wa Manzon Allah (SAW) ranar Badar su ba za su faɗa masa ba. Sakamakonta shekara 40 na ɗimuwa a jeji, a ciki Annabi Haruna da Annabi Musa suka rasu, sai 'ya'yan da suka tashi a jejin ne Yusha'u ya ja suka shiga.

Alƙur'ani bai ambaci sunan garin ba, bai ambaci ganuwa ba, bai ba da shekara ba. Labarin ganuwa daga Littafi Mai Tsarki na Kirista da Yahudawa yake, inda Hausar Kirista ke kiran garin Yariko.

Kufan tsohon garin, Tel as-Sultan, yana can gefen arewa maso yamma na garin yanzu. Wanda ya tashi yana ganin ganuwar Kano ko ta Zariya zai zo da tsammanin birni mai ƙofofi da nisan zagaye. Ina! Tudun ƙasa ne mai kamar hekta 4, unguwa guda, duk an farfasa shi da ramukan masu tonon tarihi. Tudun ma ba Allah-dasa ba ne. Gidajen tubali ne suka yi ta rushewa, wasu na ginawa a kan kufan wasu, shekara dubbai, har ƙasa ta taru ta yi tsiri.

Ina tsaye bakin rami mafi zurfi sai na ji Hausa a bayana.

"Kai! Wannan ɗan tudun ne Yarikon?"

Na juya. Wata dattijuwa ce cikin ayarin masu ziyarar ibada daga Najeriya, duk sun yi anko, akasarinsu daga Filato da Kudancin Kaduna. Na ce, "Sannunku da zuwa, Mama. Ya hanya?" Ta dafe ƙirji. "A'a! Ɗana, kai ma daga gida? Me ya kawo ka?" Na ce abin da ya kawo ku. Ta dubi hulata ta yi dariya, ta kira fastonsu ya zo ya ga abin mamaki. Muka gaisa, ya ce in tsaya in ji karatu idan ban ƙi ba. Na tsaya.

Ya buɗe littafin Joshuwa, wato Yusha'u, sura 6. An kulle Yariko, ba shiga ba fita. Aka umarci mayaƙa su kewaye garin sau ɗaya kullum har kwana 6, firistoci 7 na busa ƙahon rago a gaban akwatin alkawari, jama'a kuwa shiru, ko tari babu. A rana ta bakwai suka kewaye sau 7, aka ja busa, jama'a suka yi ihu gaba ɗaya, ganuwa ta zube. A nan ƙanƙantar tudun ta yi amfani, domin zagaye bakwai a wuni guda abu ne da ƙafa za ta iya a nan. Gida ɗaya aka bari, na Rahab, karuwar da ta ɓoye 'yan leƙen asirin Joshuwa biyu a kan soro ƙarƙashin ƙiraren rama irin tasu, ta zurara su ta taga da igiya, domin gidanta a jikin ganuwa yake. Jan zaren da ta ɗaura a tagar shi ya ceci ita da danginta. Matar nan, Bakan'aniya kuma mai wannan sana'a, ita ce Linjilar Matiyu ta lissafa cikin kakannin Almasihu. Da fasto ya kai nan matan ayarin suka ɗauki "Amin" da ƙarfi, na lura sun fi murna da Rahab fiye da faɗuwar ganuwar.

Akwai ayar da aka wuce da sauri, ta 21, inda aka ce an hallaka duk abin da ke cikin garin da kaifin takobi, maza da mata, yara da tsofaffi, shanu da tumaki da jakuna. Ban ga laifin fasto ba, ba kowace aya ake tsayawa a kai ba a tsakar rana da tsofaffi a tsaye. Amma tana nan a rubuce, kuma wanda ke zaune a Ariha yau ba da kunne ɗaya yake jin ta da baƙon da ya zo daga nesa ba.

To, ina ganuwar? Tambayar da ta sa aka shekara fiye da 150 ana haƙa tudun nan ke nan. Charles Warren, hafsan sojan Ingila, ya fara a 1868, ya haƙa rijiyoyi bai ga abin kirki ba. Ernst Sellin da Carl Watzinger suka zo a 1907. Sai John Garstang, daga 1930 zuwa 1936, ya tono ganuwa biyu a rushe da gari ƙone, ya ce ga ta nan, ta faɗi wajen shekara 1400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), daidai da lissafin Littafi Mai Tsarki. Duniyar Kirista ta yi murna. Murnar ta kai har 1952, lokacin da Kathleen Kenyon ta iso da sabuwar dabara ta bin ƙasa hawa-hawa kamar mai karanta shafuka. Ta yi aiki har 1958. Hukuncinta bai yi wa kowa daɗi ba: ganuwar da Garstang ya nuna ta girmi zamanin Joshuwa da wajen shekara 1,000, garin da ya ƙone kuwa ya ƙone ne wajen 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma a ƙarni na 13 kafin haihuwar tasa, inda masana da yawa ke sa zuwan Bani Isra'ila, ba ta ga gari mai ganuwa a nan ba. A 1990 Bryant Wood ya sake duba tukwanen ya ce Garstang ne da gaskiya a kan shekarar gobarar. A 1995 aka auna ƙonannen hatsin wurin da awon kabon, wato gwajin kimiyya mai nuna shekarun abu, sakamakon ya fi karkata ga Kenyon.

Sai dai abin da ita Kenyon ɗin ta tono yana da ɗaure kai. Ta sami jajayen tubala tsibi a zube a gindin katangar dutse ta waje. Ta sami toka mai kauri. Ta sami tuluna cike da hatsi a ƙone, ba a ci ba, ba a kwashe ba, alhali hatsi shi ne abu na farko da mai cin gari ke wawushewa, kuma garin da aka daɗe da yi wa ƙawanya ba ya mutuwa da rumbu cike. Siffar ta yi kama da labarin, shekarar ce ta ƙi. Ga kuma wata matsalar: garin yana kan tsagin ƙasa mai yawan girgiza, ganuwarsa ta sha faɗuwa ana tayarwa. Girgizar 1927 da ta kashe ɗaruruwan mutane a Nablus da Ramla da Salt da sunan Ariha ake kiranta. Saboda haka tarar da ganuwa a rushe a nan ba ya gaya maka wanda ya rushe ta.

Na ɗan taɓa wa fasto zancen Kenyon. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Malam, ni ban zo auna shekarun toka ba. An rubuta cewa ta wurin bangaskiya ganuwar Yariko ta faɗi. Abin da na kawo mutanena su tuna ke nan." Na fi ganin girman wannan amsa a kan abin da wasu masu yi wa baƙi jagora ke yi, su nuna kowane dutse su ce na Joshuwa ne don a ji daɗi a ba su na goro. Haka kuma ban yarda da masu cewa awon kabon ya gama da labarin ba. Ruwan sama da iska sun kwashe saman tudun tun da daɗewa, Kenyon da kanta ta faɗi haka, kuma abin da ya zaizaye ba ya zama shaida ga kowa.

Ni abin da ya riƙe ni a wurin wani ne daban. Sura 6 ta nasara aya 27 ce. Sura 7 da ke biye, aya 26, kacokan a kan satar mutum ɗaya take. An hana kowa taɓa ganimar Yariko, sai wani Akan ya ga alkyabba mai kyau ta Babila, da azurfa shekel 200, da sandar zinariya, ya binne a alfarwarsa. A kan haka rundunar da ta ci Yariko ta sha kashi a hannun ɗan ƙaramin garin Ai. Yanzu a ajiye wannan kusa da hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira. Wani annabi ya fita yaƙi, ya ce kada wanda ya ɗaura aure bai tare ba ya bi shi, ko wanda ya yi gini bai rufa ba, ko wanda ya sayi dabbobi yana jiran haihuwarsu. Ya kusanci alƙaryar da la'asar, ya ce wa rana ke abar umarni ce, ni ma abin umarni ne, ya Allah ka tsayar mana da ita. Aka tsayar har Allah ya ba shi nasara. Aka tara ganima, wutar da ke saukowa ta cinye ta zo ta ƙi ci. Ya ce akwai ha'inci a cikinku. Aka yi mubaya'a, hannun masu laifi ya manne da nasa, suka fito da zinariya mai kamar kan saniya. Wani hadisi a Musnad na Imamu Ahmad ya ce ba a taɓa tsayar wa mutum rana ba sai Yusha'u, a tafiyarsa zuwa Baitul Maƙdisi. A wajen Kirista tsayuwar rana a Gibeyon ta faru, ba a Yariko ba, amma ɓarawon ganima yana nan a ɓangarorin biyu. Ƙara da abin da Baƙara da tafsirinta suka ce: an ce su shiga a sunkuye suna neman gafara, suka shiga suna jan gindi suna canja kalmar don izgili. Tsoro kafin shiga, girman kai a bakin ƙofa, sata bayan an shiga. Littattafan sun fi ɓata lokaci a kan halin waɗanda suka ci garin fiye da kan garin da aka ci.

Ramin da nake tsaye a bakinsa kuwa ba ruwansa da duk wannan gardama. A ƙasansa akwai hasumiyar dutse da Kenyon ta tono, tsayinta mita 8 da rabi, da matakala 22 a cikinta, an gina ta wajen shekara 8,000 kafin haihuwar Annabi Isa. Mutanen da suka gina ta ba su san ƙarfe ba, ba su san rubutu ba, ko tukunya ba su fara ginawa ba. Har yau ana musu ko ta tsaro ce, ko ta kare ambaliya, ko ta ibada. Waɗanda suka biyo bayansu sukan cire ƙoƙon kan mamacinsu su shafe shi da farar ƙasa su fitar da hanci da kumatu, su sa ɓawon bakin teku dangin wuri a gurbin ido. Ɗaya daga cikin kawunan yana gidan tarihi na Landan. Idan aka yi lissafi, tsakanin hasumiyar nan da Yusha'u ya fi tsakanin Yusha'u da mu nisa, nesa ba kusa ba.

Me ya zaunar da mutane a kwarin da ruwan samansa da ƙyar yake kai milimita 200 a shekara? Tsallaka titi ka gani. Ain as-Sultan, marmaro ne da ke fitar da kusan lita 4,000 a minti guda, rani da damina. Kirista na kiransa marmaron Elisha, wato Annabi Alyasa'u da Alƙur'ani ya ambata a An'am da Sad, domin littafin Sarakuna ya ce mutanen garin sun kawo masa kukan ruwansu ba shi da kyau, ya sa aka kawo gishiri a sabon kwano ya zuba, ruwan ya gyaru. Na sha, na yi alwala, ruwa ne mai daɗi. Duk wanda ya taɓa cin Ariha, wannan ya zo nema. Markus Antoniyus ya ba Kiliyobatara ta Masar gonakin dabino da na itacen turare na nan kyauta, Sarki Hirudus ya koma yana biyan ta haya a kan ƙasar da yake mulki. Shi Hirudus a nan ya gina fadojinsa na hunturu a bakin Wadi Ƙelt, a nan kuma ya mutu.

Sauran wuraren na bi su a gurguje da tasi da na ɗauka shata. Ga ɓauren da ake cewa Zakka mai karɓar haraji ya hau don ya hangi Annabi Isa saboda gajartarsa, ɓaure ne sosai, tsoho, an kewaye shi da ƙarfe. Ga Jabal Ƙurunɗul, inda Kirista suka ce Shaiɗan ya jarrabi Almasihu bayan azumin kwana 40, da gidan sufayen Girka a manne da jikin dutse, ana hawa da keken igiya. Inda na daɗe shi ne fadar Hisham. Ta Banu Umayya ce, ana danganta ta da Halifa Hisham ɗan Abdulmalik da ya yi mulki daga 724 zuwa 743, wasu masana kuma sun ce ɗan ɗan'uwansa Walid ne ya gina. Girgizar ƙasa ta 749 ta rushe ta. Daɓen gidan wankanta, sama da murabba'in mita 800 na ƙananan duwatsu masu launi, ya daɗe binne da yashi don kariya, sai a 2021 aka buɗe shi ƙarƙashin rufin da Japan ta biya kuɗinsa. A wani ɗan ɗaki akwai zanen bishiya mai 'ya'ya, a gefe guda barewa biyu na kiwo, a ɗaya gefen zaki ya danne ta uku. Mutum-mutumin mutane da aka tono a nan suna gidan tarihi na Rockefeller a Ƙudus. Wanda ya ɗauka fadar halifa a ƙarni na biyu na Hijira ba za ta sami hoton mai rai ba, ya zo ya ba idonsa abinci, sauran bayani ya nema wajen malamai.

Direban, dattijo ne haifaffen sansanin Ain as-Sultan da ke jikin tudun, "ya hajji" yake ce mini. Iyayensa daga wani ƙauye na kusa da Ramla aka koro su. Ya nuna mini tashar da suke kira Istiraha, inda duk Bafalasɗinen Gaɓar Yamma, wato yammacin Kogin Jodan, da zai fita waje, har mai zuwa Hajji da Umara, yake hawa bas zuwa gadar Sarki Husaini ya tsallaka Jodan, domin ba su da wata ƙofar. Isra'ila ta kama garin a 1967. A 1994 shi ne gari na farko a Gaɓar Yamma da aka miƙa wa hukumar Falasɗinawa, amma hanyoyin shiga ba a hannunsu suke ba. Makonni kaɗan bayan tafiyata sojojin Isra'ila suka toshe mashigan garin na kwanaki, suka kai samame Aƙabat Jabar suka kashe mutum 5. A watan Satumba na 2023, a taron Riyad, UNESCO ta sa Tel as-Sultan cikin wuraren tarihi na duniya da sunan Falasɗinu, Isra'ila ta yi fatali da matakin. Na tambayi dattijon ko ya yarda Yusha'u a nan ya yi yaƙi. Ya ɗaga kafaɗa. "Annabi ne, alaihis salam. Sauran kuma kowa da littafinsa yake zuwa, ya hajji. Mu ruwa muke so a bar mana."

Muka ƙare a Maƙamin Nabi Musa, kudu da gari cikin jeji, gini mai fararen ƙubbobi da Sarki Baibars na Mamluka ya fara a 1269. Hadisi ya ce Annabi Musa ya roƙi a kusantar da shi ga ƙasa mai tsarki gwargwadon jifan dutse, Manzon Allah kuma ya ce da yana wurin da ya nuna kabarin a gefen hanya kusa da jan tudun yashi. Attaura ta ce a ƙasar Mowab aka binne shi, hayin kogi, ba wanda ya san kabarin. Daga harabar ana hango duwatsun Mowab ɗin, inda Dutsen Nebo yake, shi ya sa wasu masana tarihi ke ganin asalin wurin zango ne da matafiya ke tsayawa su hangi can, a hankali zango ya zama kabari a bakin mutane. Ƙarnuka aka yi ana fitowa daga Ƙudus da tutoci da ganguna a yi mako guda a nan kowace bazara, a bikin 1920 ne ma rikici ya ɓarke a Ƙudus tsakanin Larabawa da Yahudawa.

A waje wani yaro makiyayi yana dafa shayi. Ya kira ni, "Ya ammi, zo ka ga dutsen Musa." Ya jefa wani baƙin dutse cikin wutar, jim kaɗan ya kama da ci yana hayaƙi mai warin kwalta. Duwatsun yankin suna da kwalta a jikinsu, makiyaya sun daɗe suna hura wuta da su. Ya nemi shekel 10 kuɗin shayi da kallo, muka daidaita a 5, dattijo kuma yana can yana danna oda, wai mu kama hanya kafin layin shingen sojoji ya yi tsawo.